Darasin Mai Tsaron Sito

Karachi, 21 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Kawuna Khamiso,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Inna Hajani da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Da kunnenka yana jin waya da na buga na huce a take, to ga shi dole na zauna na rubuta.

Kawu, ka san shekara huɗu ke nan ina bin mashigan teku na Keti Bandar, ina auna gishirin ruwa ina ƙirga ƙaguwa, don a gane dalilin da take ƙarewa tun da ruwan kogi ya rage isowa teku. Aikin ya kammala. Ranar biyar ga Nuwamba Turawan Holan da suka ɗauki nauyinsa za su zo su gani. Bayan sun tafi za a buga maƙalar, sannan a cike gurbin babban mai bincike guda ɗaya da ya rage a cibiyarmu.

Jiya aka raba tsarin taron. Na duba wajen gabatar da bincike, sai na ga sunan Faraz Kirmani. Faraz da ya zo bara, wanda ni na koya masa yadda ake riƙe ƙaguwa kada ta datse masa yatsa, wanda sau ɗaya tak ya shiga jirgi, ya yi ta amai har muka juyo. Sunana yana can ƙasan shafi: Nasiban, mai kula da hidimar baƙi. Ko Dakta ba a sa ba.

Na shiga wurin shugabanmu, Farfesa Zubairi. Ya miƙe tsaye ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce, "'Yata, ai duk gida ɗaya ne. Turancin Faraz ya fi daɗi a kunnen baƙi, kuma ya fi cika ido a gaban taro. Ke kuwa ba wanda ya kai ki iya hulɗa da jama'a." Har na kai ƙofa ya kira ni: "Af, mutanenku ba za su zo mana da ganga ranar ba? Baƙi suna son irin wannan."

Abin da ke ci mini rai, Kawu, ba wanda ya taɓa zagina a nan. Kowa Dakta ne, ni kaɗai ce Yaya Nasiban. In ana taro ni ake miƙa wa biro in rubuta abin da aka tattauna. Makon jiya wani baƙo daga Islamabad ya same ni a ɗakin gwajina da farar rigar aiki a jikina, ya miƙo mini kofin da ya gama shan shayi, ya ce in shaida wa Dakta ya iso. Wata abokiyar aikina kuma ta kawo mini man haskaka fata, wai kyauta, don tana ƙaunata. Wanne zan kai ƙara, kofin ko man?

Gurbin ban ƙi shi ba. Amma sunana nake so a kan aikina. Ka faɗa mini abin yi.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Nasiban

Tando Bago, 29 ga Satumba, 1998

Zuwa ga Dakta Nasiban,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Innarki tana gaishe ki. Na rubuta Dakta da manyan baƙaƙe a bayan ambulan, don masinjan cibiyarku ya karanta, tun da shugabansa ya kasa.

Na karanta takardarki sau uku, kowane karo raina ya ƙara ɓaci, ban kuwa yi mamakin ko layi ɗaya ba. Tanvir Zubairi benci ɗaya muka zauna da shi a jami'a. Ni na fito da daraja ta ɗaya a ilimin sinadarai a 1964, shi ya fito da ta biyu, ita ma da littattafaina ya same ta. Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki a wannan cibiyar da kike. Shi an tambaye shi me yake son ya bincika. Ni an tambaye ni ko ina dambe, ko ina buga ƙwallo. Yau shi ne shugaba, ni kuwa na yi shekara ashirin da takwas ina tsaron sito, ina ba yaran da ba su san bambancin ruwan batir da ruwan sha ba kwalabe, suna ce mini "sannu da aiki, baba." Yadda na koma sito labari ne da ban taɓa ba ki ba, kuma ba yau zan ba ki ba.

Shekara ɗari biyu ke nan da aka sauke kakanninmu daga jiragen Zanzibar. Mun yi musu noma, mun mutu a yaƙoƙinsu, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci, amma har gobe in Shidi, wato baƙar fata irinmu, ya shiga ofis sai a leƙa bayansa a ga wa ya aiko shi. In mace ce kuma, sai a miƙo mata kofi. Suna son gangarmu, suna son rawarmu, suna son mu ci musu gasar dambe. Kanmu ne kawai ba su san abin da za su yi da shi ba.

Kada ki ruɗu da shayinsa. A da dukanmu ake yi, mutum ya nuna tabo. Yanzu kujera suke ba ka, su kira ka ɗa, ka fita ba ka da abin nunawa. In ka yi magana a ce kana da saurin fushi, ai dama an san halinmu.

Kin ce in faɗa miki abin yi. 'Yata, da na san abin yi da ba a Tando Bago nake zaune ina korar awaki daga shukar barkono ba. Abu ɗaya tak sito ya koya mini: maganar baki a wannan cibiya ba ta da uwa ba ta da uba. Duk abin da za ki faɗa, rubuta shi kwafi biyu. Ki kai wa akawu Sajan a ofishin karɓar takardu, ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki kwafin, ya sa hannu, ki kai gida ki ajiye. Zai ce hatimin yana cikin durowa, makulli kuma yana wurin wani. Ki zauna ki jira. Ban taɓa ba da ko kwalba ɗaya ba sai da hatimi, shi ya sa suka rasa hanyar korata.

Ganga kuwa, ki ce masa in yana so ya zo ya ɗauka da kansa.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki, Khamiso

Karachi, 14 ga Oktoba, 1998

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga saƙo, masinja ma ya ga Daktan, har ya tambaye ni ko sabuwa aka kawo.

Wani sabon abu ya taso. Faraz ya tsara cewa ranar ziyarar za a yi jawabai da cin abinci a Keti Bandar, sannan ƙarfe ɗaya a shiga jirgi a kai baƙin mashigin da na fi yin aiki. Kawu, ranar tsakiyar Rajab ce, wata ya cika. A irin wannan rana ruwa yakan cika da hantsi, daga ƙarfe biyu kuma ya janye ƙaf daga wannan mashigi, ba abin da zai rage sai taɓo har ƙugu. Kowace mace mai kamun ƙaguwa a can ta san haka. Dole a tashi ƙarfe tara, a fito kafin azahar.

Na faɗa a taro. Wallahi na faɗa, da ƙarfi. Farfesa ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, 'yata, rubuta muna tafe," ya wuce zancen furannin da za a rataya wa baƙi. Na sake ɗaga hannu. Faraz ya yi dariya ya ce, "Yaya Nasiban da duban wata! Mu nan kimiyya muke yi, Yaya, ba duba ba. Jirgin mai inji ne." Duk aka yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar ta, ruwa a jininsu yake." Ba za a matsar da jawabai ba, saboda babban sakataren gwamnati da aka gayyato ba ya tashi da sassafe.

Akwai tsohuwa 'yar shekara saba'in a cikin baƙin, ga rana, ga sauro. Amma wani ɓangare na zuciyata yana cewa in yi shiru. Na faɗa sau biyu, me ya rage?

Ka gaida Inna. Ka ce mata yajin mangwaron da ta aiko ya ƙare.
Nasiban

Tando Bago, 21 ga Oktoba, 1998

Dakta,

Bayan gaisuwa. Rabon da in yi dariya irin ta jiya tun kafin ƙafata ta lalace. Innarki ta fito daga madafa ta ce, "Kai tsoho, lafiya? Ko kunnen ya buɗe ne?"

Ki bar su su nutse. Wannan ita ce shawarar zuciyata, ba zan ɓoye miki ba. Ina so in ga Tanvir da kwat ɗinsa na Landan a cikin taɓo har gwiwa, ƙaguwar da bai taɓa gani da rai ba tana hawan wandonsa. Jirgin mai inji ne! Shekara talatin da huɗu suna cin abinci da sunan teku, ba su san wata ne ke jan ruwa ba. Yaron aji biyar ya san wannan. Sun sani su ma, sai dai daga bakinki ya fito, shi ya sa ya zama duba.

Amma na san su fiye da yadda kika san su. In jirgi ya kafe, ba za a tambayi wanda ya tsara lokaci ba. Za a duba takardar taro a ga wa aka rubuta mai kula da hidimar baƙi. Wannan muƙamin da suka ba ki ba raini kaɗai ba ne, wurin ajiye laifi ne. Saboda haka ki rubuta gargaɗinki, ki sa ƙarfe nawa ruwa zai janye, kwafi biyu. Sauran kin sani.

Akwai abin da na yi da ya kamata ki ji daga bakina. Na rubuta wa Tanvir. Ban zage shi ba, na dai tuna masa wasu abubuwa. Kada ki yi fushi.

Kawunki, Khamiso

Karachi, 28 ga Oktoba, 1998

Zuwa ga ɗan'uwana kuma tsohon abokina Khamiso,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na yi murna ƙwarai da ganin rubutunka, har yanzu hannunka yana nan da kyau kamar lokacin makaranta. Ina fata iyali suna lafiya. Har yau in na wuce ta sito sai na tuna ka. Tun da ka tafi ba mu sami mai amana kamarka ba.

Sai dai takardarka ta sosa mini rai. Ni, Khamiso? Ni da nake cin abinci kwano ɗaya da kai lokacin da wasu ke ƙin zama kusa da kai? Ni ban san wani abu launin fata ba, Allah shaida ne. Nasiban 'yata ce. Lokacin da ta nemi aiki akwai waɗanda suka yi gunaguni, ni na tsaya na ce a ɗauke ta saboda kai. A duk inda na je ina alfahari cewa cibiyarmu ce kaɗai ke da mace daga cikin mutanenku, hotonta ma yana bangon rahotonmu na bana.

Yarinya ce mai ƙwazo a fagen tattara samfuri, ba mai musun wannan. Amma tsayawa gaban baƙi wani abu ne daban, kuma mace ce, gobe aure zai zo, dole cibiya ta yi tunanin nesa. Za a gode mata a ƙarshen maƙalar da kalmomi masu kyau, ni da kaina zan rubuta.

Shawarata gare ka a matsayin ɗan'uwa: kada ka zuba mata ɗacin da ke ranka. Na lura kwanan nan ta fara ɗaga murya a taro, kuma mutane suna magana. Abin da ya wuce a 1968 ya wuce, kai ma da hannunka ka rufe shi.

In ka shigo Karachi gidana gidanka ne.

Naka har kullum,
Farfesa Tanvir Zubairi

Karachi, 9 ga Nuwamba, 1998

Kawu,

Gaisuwa. Da farko, na yi fushi. Tun da takardarka ta iso Farfesa ya daina ce mini 'yata, sai "'yar gidan Khamiso." Ba na son a yi mini yaƙi ba da sanina ba.

To, ga yadda aka yi. An yi jawabai, babban sakatare ya yi minti arba'in yana yabon teku, ya shiga mota ya koma Karachi. Ba mu tashi ba sai ɗaya da rabi. Mai jirgin, wani tsoho Jumman, ya dube ni ya ce, "Dakta, ke ma kin yarda da wannan haukan?" Faraz ya ce masa ya tuƙa kawai, ba shawara aka ɗauke shi ba. Jumman ya ce, "To, ranka ya daɗe, in mun zauna kada a ce ni na zaunar da mu."

Uku saura kwata muka zauna. Jirgin ya kwanta gefe guda a kan taɓo, itatuwa kewaye da mu, ba iska. Faraz ya ce a ƙara wuta. Jumman ya ce, "A ƙara wuta a kan me, ɗana? Sai dai in ka sauka ka ɗauke mu a kai." Faraz ya sauka kuwa, wai zai duba, ya nutse har cinya, takalminsa ɗaya yana can har yau. Farfesa bai sauka ba, Kawu, yi haƙuri. Amma sauro ya rama maka.

Awa biyar muka yi. Baƙin suka fara tambaya don rage lokaci: gishirin nan nawa ne a watan rani, me ya sa ramukan ƙaguwa suka fi yawa a wancan gefen? Faraz ya buɗe takardunsa, zufa ta jiƙa su. Ni na amsa. Na tattare wandona na sauka ta inda na san ƙasa tana da ƙarfi, na zaro musu ƙaguwa mace mai ƙwai na nuna musu. Tsohuwar ta tambayi Farfesa, "Wannan ita ce wa?" Ya ce, "Mai taimaka mana ce a fili, tana da baiwa ta gado." Gado, Kawu! Digiri uku!

Sai bayan magariba ruwa ya dawo. Tsohuwar ta kwana biyu a asibiti saboda zafin rana, kuma Turawan sun rubuto suna tambayar wa ya tsara tafiyar.

Yau Farfesa ya kira ni. Shayi, kujera. Ya turo mini takarda an riga an buga: wai ni, a matsayina na mai hidimar baƙi, na yi kuskuren rashin sanar da hukuma lokacin janyewar ruwa, ina neman afuwa. Na ce na faɗa a taro sau biyu. Ya ce, "Ban tuna ba. Yana cikin bayanan taro?" Ka san ni na rubuta bayanan, amma kwafin da aka raba ba wannan layin a ciki. Ya ce in na sa hannu magana ta mutu a cikin gida, za a sa sunana na uku a maƙalar, kuma zai duba zancen gurbi da idon rahama. In ban sa ba, kwamiti zai zauna ranar sha tara, shi kuma ba zai iya kare ni ba.

Me ya faru a 1968? Sajan ne ya tare ni a hanya ya ce in tambaye ka.

Nasiban

Tando Bago, 13 ga Nuwamba, 1998

'Yata,

Fushinki daidai ne, na karɓa.

A 1968 Tanvir ya bar murhun gwaji a kunne ya tafi ɗaurin auren ɗan'uwansa. Ɗakin ya kama wuta, samfuran shekara biyu suka ƙone. Da safen ranar na ce masa wayar murhun ta lalace, kada a kunna. Da baki na faɗa. Shugaban wancan lokaci ya kira ni, ya ba ni kujera, ya ba ni shayi. Ya ce Tanvir yana da tafiya karatu Ingila, tabo zai ɓata masa hanya, ni kuwa ɗan gida ne, in sa hannu a kan 'yar takarda, a mayar da ni sito na wata shida har ƙura ta lafa. Tanvir ya riƙe hannuna yana kuka, ya ce ba zai taɓa mantawa ba.

Na sa hannu. Wata shidan nan su ne shekara ashirin da takwas. Duk lokacin da na nemi komawa ɗakin gwaji sai a zaro takardar, a nuna mini sa hannuna. Gaskiya ya faɗa, bai manta ba. Har kalmomin ya ajiye, ga shi ya buga miki su.

Mahaifiyarki ta rasu tana zaton ni na ƙona ɗakin. Kunya ta hana ni faɗa mata cewa abin da na yi ya fi haka muni.

Ba zan ce miki in kin ƙi za ki yi nasara ba. Ban taɓa ganin sun bar namu ya yi nasara ba. Amma na san abin da ke bayan wannan sa hannun, na zauna a cikinsa, ko taga ba shi da ita.

Kin ba ni labarin takalmin Faraz, ba ki faɗa mini abu ɗaya da nake jira ba. Kin je wurin Sajan ko ba ki je ba?

Kawunki da bai cancanci a tambaye shi shawara ba,
Khamiso

Karachi, 20 ga Nuwamba, 1998

Kawuna,

Gaisuwa, da ta Inna.

Na je. Tun ranar ashirin da shida ga Oktoba. Awa uku na zauna kafin makullin durowa ya bayyana.

Jiya na ajiye kwafin a gaban kwamiti: ruwa zai janye daga ƙarfe biyu, ga hatimi, ga kwanan wata, ga hannun Sajan. Na ce musu na aika wa Turawan hotonsa, tare da na littattafan aikina na shekara huɗu. Farfesa ya daɗe yana kallon hatimin, sannan ya ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Na ce, "Mai tsaron sito."

Gurbin an ba Faraz. Sun ce ba ni da haɗin kai. An kuma mayar da teburina ɗakin da ke jikin sito, wai ana gyara.

Amma tun da shaidar aikina tana hannun Turawan, ba mai iya taɓa maƙalar: za ta fita a watan Maris. Sunan farko a kanta: Dakta Nasiban Khamiso Shidi. Na ƙara naka a tsakiya, ban nemi izini ba, kai ma ba ka nemi nawa ba.

Litinin ruwa zai cika da rana, zan koma Keti Bandar. Ka ce wa Inna har yanzu ina jiran yajin.

'Yarka,
Nasiban